Katin da Cokali Ya Jefa

A ƙofar ɗakin cin abinci na sansanin horonmu akwai akwatin ƙarfe. Duk kurtun da damuwa ta yi wa yawa sai ya rubuta lambarsa a kati ya jefa, ranar Laraba a kira shi wajen malamar shawara. Ɗaki mai fanka da kujera mai laushi, mu kuwa muna gasuwa a filin fareti.

Cokali, maƙwabcina na gado, siririn yaron da iska kan so ta ɗauke, Laraba uku a jere yana zuwa. Ni fa na ɗaukar masa jaka ranar dogon tattaki. Ni na koya masa goge takalmi har saje ya daina yi masa ihu. A da ko ƙaya ya taka sai na ji, yanzu ya dawo daga ɗakin nan bakinsa gum. Kishi nake, kishi na gaske, har na tsani matar da ban taɓa yi wa magana ba.

"Ka samu sabuwar uwa ko?" na ce masa muna wanki. "To ta zo ta ɗaukar maka jaka."

Ya ci gaba da matse rigarsa.

Laraba ta huɗu saje ya daka tsawa, ya kira lamba. Tawa ce. Na ce ban jefa komai ba. Ya ce shi ba ruwansa, in wuce.

A bakin ƙofar ɗakin malamar na tarar da Cokali.

"Ni na rubuta," ya ce. "Tun da aka bugo waya ƙanenka ya rasu, abincinka a farantina kake juyewa. Ba ka ga Cokali ya kusa zama ludayi ba? Zuwa ukun nan duk tambaya nake yadda zan yi da kai, ɗan'uwa. Ta ce in kawo ka."

Na so in zage shi, amma sai na tura ƙofar na shiga.

Kujerar ba ta kai laushin da nake zato ba. Matar ta miƙo mini ruwa, ta ce, "Yaya sunan ƙanen naka?"

Wata guda ke nan ban faɗi sunan ba.