Ruwan da Neda Ta Kai Ƙofar Bariki

A garinmu ba a barin mutum ya kama hanya a kan busasshiyar ƙasa. Ko yaro ne zai fara makaranta, ko amarya za ta bar gida, sai uwa ta kwara ruwa a bakin ƙofa ya taka da ƙafar dama, don tafiyar ta gudana yadda ruwan ya gudana. Balle mai shiga teku.

Neda ta fi kowa sanin haka. A yaƙin farko, ranar da hedikwatar sojan ruwa ta aiko aka kwashe masunta, tana can gonar inabi a kan tudu. Kafin ta gangaro, jirgin mijinta Stamen ya yi nisa. Ba wanda ya zuba masa ruwa, kuma ko hularsa teku bai dawo da ita ba. Ya bar ta da jariri a hannu, Dobri.

Da yaƙi na biyu ya zo, hedikwatar ta tare a tsohon gidan kwastan. Aka karɓe jiragen kamun kifi, aka shafe su da fenti ruwan toka, aka ce daga yau aikinsu share nakiya a teku. Dobri, wanda gashin bakinsa bai gama fitowa ba, ya faɗa cikin ɗayansu. Da kaka aka kawo sabon kwamanda, shi kuwa ya rufe ƙofar bariki. Ba zuwa gida, ba ziyara, ba wanda za a gaya wa ranar tashi, wai maƙiya suna da kunne a kasuwa.

Tun daga nan zama ya gagari Neda. Ta ɗora wake ta manta da shi a wuta. Ta ɗauko saƙa, ta warware, ta ajiye. Da safe sai ta cika 'yar tukunyarta ta tagulla a famfon dutse na bakin coci, ta jefa reshen wani tsiro mai ƙamshi da muke kira zdravets a ciki, ta nufi titin da ya raba bariki da gadar jirage. Duk wanda zai hau jirgi sai ya tsallaka wannan titin, daga wannan ƙofa zuwa waccan, ta kan wani ɗan hawa da duwatsunsa suka sha taku har suka yi sulɓi. Nan take tsayawa. Da yamma ta juye ruwan a gindin fure, don ba a yi wa mutum sallama da kwanannen ruwa.

Mai gadin ƙofar wani dattijon soja ne mai ciwon gwiwa, Radoy, da suka yi wasan ƙasa tare da mijinta.

"Neda, yau ma miyar ce? Kullum sai ƙamshi, ba a ɗanɗana mana."

"Wadda matarka ta hana ka ce. Ka faɗa mini gaskiya, yau ne?"

"Ni da ko ranar da za a canja mini takalmi ban sani ba?"

"To me ka sani, tsohon banza?"

"Na san in kwamanda ya leƙo ya gan ki, ni zan sha."

A kasuwar kifi kowa da tasa. Wannan ta ce Asabar za su tashi, waccan ta ce an fasa, wata ta rantse ta ji arewa za a kai su, bakin kogi. Sau biyu Neda tana jin ƙarar inji ta kwasa da gudu, ruwa na fallatsa mata a zane, ashe gwada injin ake yi.

Ranar da abin ya faru, rana ta ɗan ɗaga, tana tsaye a wurinta, sai ga Zlatka ta fito daga gidan wanki da ke saman hawan. Zlatka maƙwabciyarta ce, ita ce babba a matan da ke wanke wa bariki kaya. Hannunta duk kumfa, ta janye Neda gefe.

"Yaya, yau ne."

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? An aiko a kwashe kayan gaba ɗaya, har na cikin ruwa. Na ce ba su bushe ba, aka ce a zuba a buhu haka nan. Kin taɓa ganin soja ya karɓi jiƙaƙƙen wando in ba tafiya zai yi ba?"

Neda ta koma wurinta. Ta leƙa tukunya, ta gyara reshen, ta matsa bakin titi. Ta riga ta shirya yadda za ta yi: za su fito a jere, ta hango kunnuwan nan na Dobri da ke tsaye kamar hannun tulu, ta kutsa ta kwara.

Ƙofa ta buɗe. Ba a jere suka fito ba. Manyan motoci biyu ne, an lulluɓe bayansu da tamfol an ɗaure tam, ko yatsa ba a gani. Sabon kwamanda ba ya son gari ya ƙirga mutanensa.

"Radoy! Wacce yake ciki?"

Radoy ya kau da kai, ya ƙame da bindigarsa.

Neda ta ruga gaban ta farko, ta dawo ta biyu, tana kiran sunan ɗanta, injin ya haɗiye muryar. Ko ta zuba, taya ce za ta taka. Taya ba ƙafa ba ce. Motar farko ta fara hawan tana tari, Neda ta ga abin da ya same ta shekarun baya yana sake samunta ido buɗe. Sai kawai ta watsa ruwan a kan duwatsun, ya yi ɗan tabo kamar faɗin tire, reshen ya faɗi a tsakiya.

"Ku kawo bahon!" Zlatka ce ke ihu daga sama. "Ku kawo duka, 'yan nema!"

Matan wanki suka fito bibbiyu, suna ɗauke da manyan bahuna, suka tuntsurar da su a kan hawan. Ruwan sabulu ya kwararo fari fat, ya haɗe da na Neda, ya mamaye titin daga bango zuwa bango.

"Zlatka, ruwan wanki?"

"Rigunansu aka wanke a ciki, ruwan ya san su! Ke dai matsa!"

Tayoyin motar sun daɗe da cinyewa. Suka hau juyawa a wuri ɗaya, motar ta zame baya, ta biyun ta ja birki da ƙara. Wani ƙaramin hafsa ya diro yana zagi, santsi ya kusa kai shi ƙasa.

"Wace mahaukaciyar ce ta yi wannan?"

"Ranka ya daɗe, ai ku kuka ce a kwashe kayan," in ji Zlatka. "Ruwan kuma mu sha shi?"

Ya dubi agogo, ya dubi gadar jirage inda hayaƙi ke tashi. Ya daka tsawa a sauko a tura. Aka kwance tamfol, samari suka yi ta dirowa cikin ruwan, fantsam, fantsam, suna dariya suna zamewa. Can a bayan mota ta biyu Neda ta hango kunnuwan.

"Dobri! Dama! Da ta dama, ɗan nan!"

Ya riga ya ɗaga ta hagu. Ya tsaya a haka kamar zalɓe, ya canja, ya sauke ta dama tsamo-tsamo. Abokansa suka kwashe da shewa.

"Inna, kin jiƙa rundunar gaba ɗaya!"

"Ka sa rigar ulun a ciki. Ka ji ko?"

"Na ji."

Ya sunkuya ya tsinci reshen zdravets ya cusa a aljihu, ya sa kafaɗa a motar tare da sauran. Ba ta ko taɓa shi ba. Ƙofar gada ta rufe a bayansu, Radoy ya share hanci da hannun riga.

An kori Zlatka daga gidan wanki a ranar, ta koma gyaran kifi.

Jirage sun tafi arewa. Da sanyi ya tsananta, sauran suka dawo, na su Dobri bai dawo ba. Matan unguwa suka cika gidan Neda, suna tsoron ta fita hayyacinta irin na wancan karon, da ta yi shekaru tana zarya a bakin teku. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Amma ta zauna. Tana kan kujerarta ta bakin murhu, tukunyar tagulla a cinya, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce masa:

"Ya taka, ai. Da ta dama. Zlatka ta gani."