Hoton Mai Agogo

Sau ɗaya a shekara Yaya yake tara mu a gidansa. Bana daga asibiti na wuce can kai tsaye, bayan awa goma sha biyu a tsaye a ɗakin haihuwa, ƙafafuna a kumbure. Na tarar falo ya cika: ƙannena da matansu, 'ya'yan Baffa, yara suna tsalle a kan kujeru, fanka tana ta juya zafi.

Sama da talabijin, Yaya ya rataye wani babban hoto a firam mai ruwan zinariya. Dogon mutum ne da siririn gashin baki, yana zaune ya ɗora hannu a gwiwa.

"Kakanmu ke nan," in ji Yaya. "A akwatin marigayi Baba na samo shi, na kai aka ƙara masa girma."

Babu wanda ya san Kaka a cikinmu. Kafinta ne, ya rasu Yaya yana goye. Nan da nan aka hau rabon kamanni. Auta ya ce hancinsa ne sak. Matar Yaya ta ce goshin ɗanta ne. Ni dai wurin miƙe ƙafa nake nema.

Sai da aka ci abinci aka kawo Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka. Mutum biyu suka riƙe ta har kujera. Ta huce, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta ɗaga kai.

"Wa ya rataye mai agogo a nan?"



"Gwaggo, Kaka ne," in ji Yaya.

"Kakan wa? Maƙwabcinmu ne, mai gyaran agogo. Son hoto gare shi. Duk wanda ya kai masa gyara sai ya haɗa masa da hotonsa."

"Ko dai kin manta ne, Gwaggo? Shekaru da yawa fa."

"In manta ubana? Gajere ne kamarka, har tumbin."

Wasu suka yi dariya, Auta ya shafa hancinsa. Yaya bai yi dariya ba. Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin, ya dire a gaban Gwaggo, ya ce to a nemo na gaskiyar.

Ni aka bar wa aikin, kamar kullum. Na zauna a ƙasa ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin ko waye ina rubutawa a baya. Wasu ta gane, wasu ta ce Allah ne ya san su. Mai agogo ya sake fitowa har sau uku. Masu ƙananan yara suka fara sallama, matar Yaya tana kwashe kwanuka. Gwaggo ta ce Kaka ba ya tsayawa hoto, wai katako na jiran sa.

A can ƙasan akwatin na ciro wani ƙarami da gefensa ya cinye. Yarinya ce 'yar shekara biyar a kan kujerar katako, ta ɓata fuska. Gwaggo ta kai shi dab da idonta, ta daɗe.

"Ni ce. Ga kakanku nan kuma."

A gefen hoton akwai hannun mutum riƙe da bayan kujerar, babban yatsan guntu ne.

"Zarto ya cinye masa," ta ce. "Ranar ya gama mini kujerar, gam bai bushe ba. Shi ne ya tsuguna a gefe ya riƙe don kada in faɗi. Yana ta faɗa wa mai hoto ya yi sauri."

Ta ce hannun kullum warin katako yake, kuma da shi yake taɓa mata goshi idan zazzaɓi ya kama ta. Jim kaɗan barci ya ɗauke ta, hoton a cinyarta.

Ina da aikin safe, don haka na ɗauki jakata. Yaya ya rako ni bakin ƙofa, shi ma da ganinsa ya gaji.

"Kina ganin idan na kai, za su iya ƙara wa hannun girma?"

"Zai dusashe, Yaya. Ka bar shi yadda yake."

Ya gyaɗa kai, ya tsayar mini da tasi.