Hakkin Yagana a Wuyan Barmo

Barmo ya san inda aka kai 'yar Yagana. Ya sani tun haƙoransa na cike da baki, ya sani ranar da ya tuɓe jar hular bariki ya dawo gari ya kafa darninsa jikin nata, ya kuma sani da hantsin nan da yake kwance a rumfa, ciki a kumbure kamar salkar da aka ɗura wa ruwa fiye da ƙarfinta, yana aiken matarsa gida gida wai a zo a yafe masa.

Asibi, matar tasa, ta leƙo ta kan darni ta tarar da Yagana tana sheƙar gero.

"Yaya, maigidan yana son ganinki."

"Ashe ya san ina nan."

"Kowa ya shigo ya yafe. Ke kaɗai kika rage."

Yagana ta gama ƙwaryar da ke hannunta tukuna, ta kaɗe ƙaiƙayi daga zaninta, sannan ta ce tana zuwa.

Maganar ta haura shekara ashirin, tun zamanin da Nasara suka soma kafa barikinsu a Damargu. A lokacin kusan kowane gida a ƙauyen nan na gabas da Gangara yana da jimina, ana fige gashinta ana sayar wa fataken arewa, yara kuwa su ke kora su kiwo. Wata safiya 'yar Yagana ta fita da jiminar gidansu, ita da yara biyu na maƙwabta. Yarinyar ko famfara ba ta gama ba. Da la'asar jiminu suka dawo su kaɗai. Maza suka bi sawu, suka ga na raƙuman mahara ya taka na yara, suka ruga bariki.

Bariki ya turo masu jajayen huluna bisa raƙuma, cikinsu har da Barmo, ɗan garin, wanda bai daɗe da shiga aikin gardi ba, wato dogarin Nasara. Suka nausa arewa. Bayan 'yan kwanaki suka dawo janye da raƙuman maharan, da siraddansu, da takubbansu, har da wata tsohuwar butar tagulla. Komai sun samo, yara ne kawai suka gagare su. Haka suka ce, suka wuce.

Da sanyi ya shigo, ayarin gishiri ya sauka, wani Buzu mai suna Rissa da ya saba awon gero a gidan ya ce shi dai ya ga abin mamaki a wata rijiya gaba da Tenhya: masu jajayen huluna suna shayar da yara ƙanana ruwa, wata yarinya a cikinsu tana kuka tana kiran innarta. Ya ce da suka tashi kudu suka miƙe, ba hanyar Gangara ba. Mijin Yagana ya ja shi har bariki don ya maimaita. Aka shiga da Rissa shi kaɗai. Da ya fito sai ya ce idonsa ba lafiya, rana ma ta yi zafi a ranar. Bai sake sauka garin ba.

Tun daga nan duk kaka Yagana ke ɗaura zani ta tafi bariki da ƙafa. Ta ga kumandan mai dogon hanci, ta ga mai sanƙo, ta ga mai tari, duk daga nesa. Kowa ta tambaya sai ya ce wanda ya san maganar an ɗauke shi. Masu gadin ƙofa su ce ana bincike. Binciken nan da ɗiya ce da tuni ta yi aure ta hayayyafa. Mutanen da in lokacin haraji ya yi suke shinshino damin gero ɗaya da ka binne a ƙarƙashin turken akuya, wai su ne yara uku suka ɓace wa. Ba su ce sun mutu ba, ba su ce suna raye ba, ba su ce ga inda suka miƙa su ba. Iyayen sauran yaran biyu ƙasa ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Mijinta ya tafi a shekarar babbar yunwa. Ta je wurin Liman Attahir ta ce za ta yi wa yarinyar sadaka, ya ce ba a yi wa wanda ba a ji mutuwarsa ba sadakar mamaci. Ta zauna haka nan, ba ta yi zaman makoki ba, ba ta kuma tara ko faifai ɗaya na kayan ɗaki ba.

Shi kuwa Barmo, da gwiwoyinsa suka gaza bariki ya sallame shi, ya dawo ya zauna jikin darninta. Kullum safe sai ya ɗaga murya ya tambaye ta kwanan gida, ya tambayi awaki, ya tambayi ciwon bayanta. In ta kawo maganar sai ya tuna zai je duba gona.

Yagana ta shiga rumfar ba sallama mai tsawo. Ƙudaje sun yi masa rumfa ta biyu. Mutumin da a da in ya taka kasuwa da bulala mata ke kife ƙoren nono, ga shi nan a kan tabarma, ƙafafu kamar karan dawa.

Ya ce, cikin numfashi sama-sama, "Maƙwabciya, tafiya ta zo. Abin da na yi miki da sanina da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

"Wanda ba ka sani ba na yafe, har da na gobe. Faɗa mini wanda ka sani."

Ya lumshe ido. Ya ce aikin bariki ne, an rantsar da su.

"Da me? Nasara na da Alƙur'ani?"

Asibi ta fara shessheƙa tana cewa a dubi halin da yake ciki. Yagana ta ce ai shi take duba, ta daɗe tana dubansa. Ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa tabarmar, ta sassauta murya yadda ba ta taɓa sassauta masa ba.

"Barmo, ba na tambayar wa ya ci me. Ba zan kai ka gaban kowa ba, wanda za ka gabansa ya ishe ka. Rai gare ta ko ta mutu? Shi ke nan."

Leɓɓansa suka motsa. Ta kai kunne. Kunu yake so, mai ɗan tsami.

Ta miƙe ta fita. Da yamma ta dama kunun ta miƙa wa Asibi ta kan darni, don gidan ba wanda ya hura wuta. Washegari ta sake shiga, ya juya fuska ga zana. Da rana ta ɗaga ya cika.

Rijiyar garin mai zurfi ce, sai an ɗaura wa bijimi guga ya ja, kuma ranar layin makiyaya ne, gidan mamaci ba ruwa. Ruwan da aka wanke Barmo daga randar Yagana ya fito. Ta ce ba da gawa take rigima ba.

Ana cikin ɗinkin likkafani sai ga Sarjan Gajere, babban gardin bariki. Yana zagayen ƙidayar kawuna a Falanko labari ya iske shi, ya karkato raƙuminsa da gardi biyu a bayansa. Tare suka shiga aiki da Barmo, tare suka yi tafiyar arewan nan. Barmo ya ƙare da ciwon gwiwa, shi ya ƙare da ɗamara da tumbi. Raƙumi ya gurfana, Sarjan ya ɗan yi lilo da ƙafa yana neman ƙasa kafin ya same ta. Aka shimfiɗa masa buzu a gaban sahu.

Aka fito da makara aka ajiye a ƙofar gida. Mata suna cikin darni. Liman Attahir ya tsaya ya yi tambayar da ake yi wa kowace gawa a garin: in akwai mai hakki a kan bawan Allahn nan ya faɗa, in kuwa zai yafe ya yafe. Maza suka amsa a gurguje cewa sun yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Liman ya gyara rawani zai ɗaga hannu.

"Ban yafe ba."

Daga bayan darni muryar Yagana ta fito, ba da ƙarfi ba, amma har na ƙarshen sahu ya ji.

A garin nan ba a sallatar wanda aka ce da hakki a wuyansa sai mai hakkin ya yafe, ko wani ya fito gaban jama'a ya ce ya ɗauke masa. Yawanci ɗa ne ke fitowa, ko ƙane. Barmo bai bar ɗa ba. Danginsa suka dubi yatsun ƙafafunsu, don ba wanda bai san abin da tsohuwar take nufi ba, ba kuma wanda ke da shi a rumbunsa.

Liman ya matsa jikin darni yana lallashi. Ya kira ta baiwar Allah, ya tuna mata ladan mai yafiya, ya ce mutumin ya riga ya tafi inda ba a tambayarsa sai a can. Ta ce ta sani, shi ya sa take so ya isa can da kayansa cif, kada wani abu ya faɗi a hanya. Wani dattijo ya ce mace ba ta tsoma baki a jana'iza. Ta ce ba ita ta tsoma ba, liman ne ya tambaya.

Rana ta take. Inuwar darni ta janye daga kan makara. Gawa mai irin wannan ciki ba ta jira, kowa ya fara jin haka a hancinsa. Can baya wani ya ce, ba a ɓoye ba, yau ga na bariki a shanye kamar kilishi. Aka yi dariyar da ake haɗiyewa.

Sarjan Gajere ya ji. Gumi ya jiƙa masa ɗamara, ga Falanko na jiransa, ga talakawa na yi wa jar hula dariya a gabansa. Ya saba in ya yi magana abu ya wuce. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Na ɗauka. Malam, yi salla mu tafi."

Liman ya juyo ya dube shi. Ya tambaye shi ko ya san abin da ya ɗauka.

"Ko mene ne. Maganar tsohuwa ce."

Liman ya tambayi jama'a ko sun shaida. Suka ce sun shaida, wannan karon da murya buɗe, har gardin nan biyu, don a sahu suke, baki kuma ya riga ya saba.

Sai Yagana ta faɗi abin da aka ɗauka. 'Yar fari ce, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ko a bariki "yarinyar" take cewa. Ranar ta ajiye kunyar.

"Rahamatu. Da Sani ɗan maƙera, da Binta. Su ne a wuyanka yanzu, Sarjan. Barmo na yafe masa. Malam, sallace shi, ya sha rana."

Aka yi salla. Aka ɗauki makara aka yi gabas da ita, Sarjan yana tsakiyar mutane ba yadda zai zame.

Da suka dawo daga maƙabarta bai tsaya gaisuwar mata ba, ya nufi raƙuminsa. Ya tarar da Yagana zaune a ƙasa gaban dabbar, ta naɗe akalar a hannunta.

Ya fara da dariya. Ya kira ta inna, ya ce zai aiko mata da buhun gero da turmin zane. Ta ce ta gode, ba ta yi ɓatan zane ba. Ya ce maganar ta kumandan ce, ta zo bariki bayan kaka a duba. Ta ce ta san hanyar bariki fiye da raƙuminsa, kuma kumandan bai ce ya ɗauka ba. Ya ce shekaru sun yi nisa, wa zai tuna. Ta ce Barmo ya tuna har ya juya fuska.

Sai ya daina dariya. Ya dubi gardin nasa biyu ya yi musu nuni da haɓa. Ɗaya ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmi. Ɗayan ya dubi liman. Su ma wata rana za a ajiye su a ƙofar wani gida a yi tambayar nan.

Sarjan ya ce, "Malam, gaya mata ta saki."

Liman Attahir ya ce shi ba shi da iko a nan. Ya ce abin da aka ɗauka gaban gawa ba a sauke shi sai mai hakki ya ce an sauke, kuma an riga an rufe mutum a kan maganarsa.

Ba wanda ya tafi gida. Maza suna tsaye da jar ƙasar kabari a ƙafafunsu, ba wanda ya nemi ruwan wanke hannu. Mata sun jera kawuna a kan darni, Asibi a cikinsu da mayafin takaba. Raƙumin ya ci gaba da tuƙarsa, yana duban kowa ta saman hanci. Sarjan Gajere ya cire jar hular ya share sanƙonsa, ya rasa inda zai sa ta, ya riƙe ta a hannu.

Yagana ta ƙara wa akalar naɗi ɗaya, ta miƙe ƙafafunta a cikin rairayi, ta gyara zama.

"Ina jinka, Sarjan. Daga rijiyar, ina kuka kai su?"