Jarkar Ustaza Widad

Ni dai tun ina ƙarama tsoron ruwa nake, wallahi ko na baho. Shekarar da tur'a, babbar hanyar ruwan gonakinmu, ta ci wata 'yar ajinmu, malamarmu Ustaza Widad ta bi gida gida tana roƙo a bari ta koya wa 'yan mata iyo. Gari ya ɗauka. Mace cikin ruwa? Baban ƙawata Ibtisam ko sallamarta bai amsa ba. Mu bakwai kacal aka bari.

Takan ba ni jarkar da ba komai ciki in rungume, ta kwantar da ni rigingine, tafin hannunta a bayana. "Kar ki dubi ruwan, Muhsina. Dubi sama, ina nan." Ina kuka, ina zaginta a zuci. Wata biyu tana fama da ni, ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini murya ba. Shekara tara ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana daga wajen Hasahisa, rana tsaka, kowa ya watse cikin dawa. Sun tare gada. Ba hanya sai tur'a, ga ta cike maƙil. Ina goye da 'yata Sabah. Na ga jarka a bakin wata gona, na zubar da ruwan, na ɗaure yarinyar da ita a ƙirjina da mayafi. Innalillahi, sanyin ruwan nan! Na kwanta, na dubi sama, ina ta shure-shure har kaina ya bugi laka.

Na fito ke nan ina amai, sai na ji an kira sunana. Ibtisam ce a wancan gefen, da tsohon ciki, ta shiga ruwa zuwa gwiwa ta ƙame. Bayanta ƙarar motoci na matsowa.

Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata cewa ta yi in gudu. Na tura Sabah cikin karan dawa, na ce ko tari kar ta yi. Na ɗauki jarkar na koma.

Ibtisam ta riƙe ni kamar za ta karya mini wuya. "Ban iya ba, Muhsina, kin sani!"

Na sa tafin hannuna a bayanta.

"Kar ki dubi ruwan. Dubi sama, ina nan."