Gurbin Malam Gwadabe a Cikin Kwamfuta

A shekarar 1988 Alhaji Idrisu Ɗanƙirgi, mai kamfanin jimar fatu a Challawa, ya sayo kwamfuta. Ba ƙarama ba, girmanta ya kai firjin mai ƙofa biyu. Aka ware mata ɗaki mai iyakwandishan, ita kaɗai take shan sanyi, masu wankin ƙiraga a bakin ganguna kuwa zufa har cikin ido. Daga ɗakin aka ja wayoyi zuwa ofisoshi, aka aje wa kowane allon gilashi da madannai: ofishin Alhaji, na manaja, ɗakin gwajin sinadari, da sito.

Mai kula da ita Ashafa ne, ɗan Gumel, wanda ya yi karatun na'ura a Kaduna. Lokacin da ya zo Kano neman aiki ba shi da kowa, Malam Gwadabe sitokifa ne ya ba shi ɗaki a gidansa na Kumbotso, wata takwas yana cin tuwon Ladidi matar gidan ba a taɓa yi masa gori ba. Shi Gwadabe shekara goma sha tara ke nan yana tsaron sito, ya san fatar tunkiyar Maraɗi da ta Haɗeja da shafawa kawai. Da kwamfuta ta zo, tsoho da furfurarsa ya zauna ya koyi danna ta da yatsa biyu, don kada a ce ya kasa.

To, Alhaji shi ma yana da nasa aikin da yake yi da ita. Tijjani, ɗan ƙanwarsa kuma manajan kamfanin, ya yi kwas na wata uku a Ingila, ya dawo ba ya iya cewa "sannu" sai ya haɗa da Turanci. Shi ya rubuta wa kawunsa wata 'yar dabara: a danna harafi ɗaya, sai injin buga takarda ya fitar da "BARKA DA ZUWA DAGA ALHAJI IDRISU ƊANƘIRGI" da manyan baƙaƙe. Duk baƙon da ya shigo, ko mai tallan turare ne, sai an danna masa, ya tafi da takardarsa. A da, idan aka ɗauke wuta kwamfutar kan mutu, a sake tayar da ita. Alhaji ya ce wannan ƙasƙanci ne, ya sayo mata manyan batura, ta daina mutuwa.

Mako uku da sa baturan, ran wata Litinin, masu masana'antu suka zo daga Bompai da Sharaɗa, ana zancen zaɓen shugaban ƙungiyarsu, Alhaji kuma yana nema. Ya gyara babbar riga, ya ce yau za su ga zamani. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, sai wasu 'yan kalmomin Turanci suka fito a allo, ma'anarsu babu sauran wuri. Wani mai masaƙa a Sharaɗa ya yi tari irin wanda kowa ya san dariya ce.

Kafin baƙi su kai bakin get, Tijjani ya gano mai laifi. Ya tambaya wa ya taɓa kwamfuta a ƙarshe, aka ce Gwadabe ne ya buɗe allon sito da safe don shigar da fatun da aka sauke. Shi ke nan. Tijjani ya ce dama ya faɗa, mutumin da bai gama firamare ba, hannu duk gishirin fata, me ya haɗa shi da na'urar Turawa? Aka rufe sito da kwaɗo, allon na kunne a ciki, aka ce Gwadabe ya zauna a gida zuwa Laraba, kwamiti zai yanke ko a sallame shi.

Abin ya yi wa Ashafa ciwo ƙwarai. Ran Talata ya shiga ɗakin sanyi ya rufe ƙofa. Ya san cewa can cikin kwamfutar akwai wata zuciya wadda ita ke raba wa kowane aiki lokaci da wuri, kuma tana riƙe da jadawalinta, duk aikin da ke raye yana da gurbinsa a ciki. Ba a ganin jadawalin haka kawai. Sai mai kula da na'ura ya shiga da kalmarsa ta sirri, ya rubuta umarni, ya nemo inda jadawalin ya fara a cikin ƙwaƙwalwar, sannan ya bi shi gurbi-gurbi. Ashafa bai taɓa yi ba sai a aji. Ya buɗe littafin da ya zo da na'urar, mai kauri kamar bulo, yana karantawa yana dannawa, sau uku yana faɗawa inda ba nan ba, lambobi marasa kai su cika masa allo. A na huɗu jadawalin ya fito tsaf.

Gurbi sittin ne, kuma duk sun cika. Tara na kwamfutar ne ita kanta. Biyu na Atika mai gwajin sinadari, ɗaya na Tijjani, ɗaya na Gwadabe, ɗaya nasa shi Ashafa, wanda na'urar ke keɓe wa mai kula da ita. Sauran arba'in da shida kuwa, kaf daga ofishin Alhaji suke. Ashe dabarar Tijjani ba ta san sallama ba. Ta buga gaisuwa, maimakon ta tashi ta ba wani wuri, sai ta miƙe ƙafa ta yi barci a gurbinta. Ɗauke wuta ne yake share su a da ba wanda ya sani.

Da layi ɗaya zai iya korarsu duka. Har ya fara rubutawa ya tsaya. Idan ya share su a ɓoye, na'ura ta warke, Tijjani zai ce ai don an hana Gwadabe taɓa ta ne. Ga kuma takardar da ke manne a bango mai cewa duk abin da ya fito daga ofishin Ciyaman, wato Alhaji, ba mai taɓa shi. Sai ya buga jadawalin a takarda. Da yake lambobi ne kawai, ya ɗauki biro ya rubuta sunan kowa a gefen nasa, don kada a ce ba a gane ba. Ya koma gida yana jin daɗin kansa, har ya biya ta Kumbotso ya ce wa Gwadabe ya kwantar da hankalinsa.

Kwamitin mutum uku ne: Alhaji, Tijjani, da Malam Muntari shugaban ma'aikata, wanda bai taɓa riga Alhaji yin dariya ba, bai kuma taɓa bari ta huce ba. Aka bar Gwadabe a benci a baranda. Ashafa ya rusuna ya shimfiɗa takarda. A nan fa gizo ya saƙe masa, don a gida ya shirya cewa "ga masu laifi nan," amma wa zai kalli Alhaji ya faɗi haka? Sai ya ɗauko ta da nisa. Ya ce na'ura tana da gurabe sittin, kuma cikin ikon Allah arba'in da shida na ranka ya daɗe ne.

Kafin ya kai ga "amma", Malam Muntari ya ɗaga hannu sama ya ce Allahu Akbar, yau ga na'urar da ba ta san kowa ba ta shaida wanda ya fi kowa aiki a kamfanin nan. Alhaji ya jawo takardar, ya ga sunansa jere reras har ƙasa, ya ce a yi mata gilashi a rataye. Ya nemo sunan Gwadabe, ya ga ɗaya tal, ya girgiza kai, ya ce shekara goma sha tara.

Ashafa ya daure ya ce, ranka ya daɗe, waɗannan arba'in da shidan barci suke yi, sun gama aikinsu ba su tashi ba, gyara ake bukata a dabarar gaisuwar. Fuskar Tijjani ta canza. Ya karkato kujera ya yi magana a hankali.

"Ashafa, amsa kawai nake so. Ran Litinin da safe, kafin Gwadabe ya buɗe allonsa, gurbi nawa ya rage?"

"Ɗaya, yallaɓai."

"Wa ya shige shi?"

"Malam Gwadabe, amma aikinsa ne ya..."

"Da bai shiga ba, gaisuwar Alhaji za ta fito ko ba za ta fito ba?"

Ashafa ya duba takardar, ya duba ƙasa. Ƙarya ba ta yi masa ba, gaskiyar kuma ya ga inda za ta. Ya ce za ta fito.

Alhaji ya ce shi ba ya zalunci, a gwada a gani. Ya ba da umarni Ashafa ya zauna nan a allon ofis ya cire gurbin Gwadabe a gaban kowa. Ashafa ya zauna. Ya yi tunanin ya rubuta ɗaya layin, mai share arba'in da shidan, kome zai faru ya faru. Tijjani na tsaye a bayansa yana karanta duk harafin da ya danna, kuma wannan kaɗan ɗin dai ya iya karantawa. Ashafa ya rubuta lambar Gwadabe, ya danna. Ya sake kiran jadawalin. Gurbi ɗaya ya zama fanko.

Alhaji ya yi bisimilla ya danna harafinsa. Injin buga takarda ya ɗauki kuka, gaisuwa ta fito da manyan baƙaƙenta, ko ɗigo bai ɓace ba. Malam Muntari ya yi kabbara ta biyu. Alhaji ya dafa kafaɗar Ashafa ya ce wannan yaro ya san aikinsa, a ƙara masa girma, don ba don shi ba da an yi ta zargin mutane barkatai. Ya ce wa Muntari ya rubuta takardar sallamar Gwadabe.

Ashafa ya fito baranda, kunya da baƙin ciki sun hana shi ɗaga kai. Gwadabe ya miƙe daga benci, dama ya sha wanka, ga hularsa ta Juma'a a kai.

"Ɗana, ka samu shiga cikin nata?"

"Na shiga, Baba."

"Ta faɗi gaskiya?"

"Ta faɗa."

"To alhamdu lillahi. Ai na ce wa Ladidi ta daina kuka, tunda kai ne za ka duba."

Malam Muntari ya leƙo ya kira sunan Gwadabe. Tsohon ya karkaɗe rigarsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shiga da sallama yana murmushi.