Direban Di'o a Whalley Range

Ba yau Rumaisa ta fara tashi da duku-duku daga ɗakinta na Perry Barr a Birmingham ta hau motar Manchester saboda tsoho ɗaya ba. Zuwan farko ta tarar an kai shi wajen GP, wato likitansa. Da ta sake komawa, wuni ya yi yana kallon bango, ko sallamarta bai amsa ba. Wallahi ta gaji, har bayanta ya san kujerun motar nan.

Digirin digirgir take yi a tarihi, kan yadda mutane suka ɗauki maganar 'yancin kai a Arewa kafin Turawa su tafi. Ta karanta takardu har idanunta sun yi ja, amma supervisor ɗinta, malamar da ke duba aikin, ta faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa in babu muryar wanda ya gani da idonsa, ɗauke a na'ura, babin nan ba zai tsaya ba. To ina za ta samo shi? Waɗanda suka gani yawancinsu ƙasa ta rufe musu ido. Sai Baba Junaidu, wanda ya yi wa wani Di'o, Baturen mulki, tuƙi yana saurayi. Yanzu yana zaune wajen 'yarsa Dokta Ramlat a Whalley Range, mantuwa tana cinsa kaɗan-kaɗan.

"Yau kin taki sa'a," in ji Ramlat tun daga bakin ƙofa. "Ya tashi garau. Amma ki yi sauri, da rana ta yi zai ɓace mana."

"To Anti, na gode."

Rumaisa ta cire takalmi, ta ajiye jakarta a gefensu, rikodarta ta ɗaukar magana tana ciki. Wa zai shiga gaida tsoho da na'ura a hannu kamar ɗan jarida? Ta shiga falo ta durƙusa. Aka yi ina kwana, ina gajiya, ya sanyi, ya mutanen Birmingham. Ya tambaye ta 'yar wane gida ce, ta faɗa, ya ce ai ya san unguwarsu tun tana da rijiya a bakin masallaci. Ramlat ta kawo kunu da ƙosai, aka kira ta a waya daga asibiti, ta haye sama. Tsohon da kansa ya tura wa Rumaisa farantin, ya ce sai ta ci.

Tana cikin kai ƙosai baki, babu wanda ya tambaye shi, ya fara.

"Kin ga Turawan nan, 'yata, su ma kansu ba ɗaya ba ne. Ni da nake gaban mota ina jin su. Maigidana Di'o ya ƙosa ya tafi. Kullum cewa yake ya gaji da zazzaɓi da ƙura, a ba mu kayanmu. Amma Tomas na kamfanin gyaɗa, kai! In aka ce 'yanci sai fuskarsa ta yi ja kamar gauta. A can ƙasarmu aka haifi 'ya'yansa, Hausa suke yi kamar ni da ke. Ya ce shi ina za shi? Akwai wata kuma, mai aikin asibiti, ita kuka ta yi mini a mota. Ta ce ya kamata su tafi, amma ba ta son tafiya."

Rumaisa ta daina tauna. Wannan fa shi ne abin da ta sha wahalar hanya a kansa! Jakar tana can bakin ƙofa, ita tana nan a kan kafet, ga kwano a hannu, ga dattijo ya kafa mata ido yana magana. Ta miƙe ta bar shi da kalma a baki? Haba. Ba haka aka rene ta ba. Ta ce a ranta bari ya kai aya.

Bai kai ba. Ya shiga labarin gidansu.

"Babanmu malamin En'e ne, ya ce a bi a hankali, ba mu shirya ba, 'yan Kudu za su hau kanmu. Wana Bara'u tela ne, shi kuwa ya ce ko gobe da safe su kwashe nasu ya nasu, har da masu rawanin da suke ɗaure wa gindi. A kan wannan suka daina cin tuwo tare. Innarmu ta ce ita ba ruwanta da wanda zai hau, su dai su zo su ci abinci kafin ya huce. Ni kuma in na kwana gida na Bara'u ne, in na shiga mota na Di'o ne. Ranar da aka sauke tutar Turawa, Bara'u ya yi rawa a titi. Babanmu ya shige ɗaki ya rufo ƙofa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya jingina da kujera. Rumaisa ta ce, "Baba, bari in ɗauko wani abu." Kafin ta dawo da rikodar barci ya ɗauke shi.

Ta zauna tana jira, takaici ya cika ta, ta rasa wanda za ta ji haushi in ba kanta ba. Ta yi ta maimaita maganganunsa a zuci don kada su zube. Amma abin da ke kanta ba murya ba ce, kuma ta san abin da za a ce mata a jami'a.

Sai bayan Azahar ya farka. Ramlat ta sauko ta gyara masa filo. Rumaisa ta danna rikodar ta ajiye kusa da gwiwarsa.

"Baba, ɗazu kana ba ni labarin Tomas da Bara'u."

Ya dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa. 'Yar wane gida ce?"

Ta faɗa masa. Bai san unguwar ba. Ya juya ga taga, inda wani Bature yake wucewa da karensa cikin yayyafi. Ya bi shi da kallo har ya ɓace, goshinsa ya tattare.

"Ramlatu, ba an ce sun tafi ba?"

Ramlat ta ja masa bargo zuwa ƙirji, muryarta a gajiye.

"Sun tafi, Baba, tun tuni. Mu ne muka biyo su."

Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido. Rumaisa ta bar rikodar tana ta ɗaukar numfashinsa, sannan ta miƙa hannu ta kashe.