Tsokar Huhuna Ta Samu Wuri a Turai

Jiya da dare mafarki na yi, kuma tunda an ƙi saurarona ido biyu, to a saurari wannan.

Na tsinci kaina a cikin ƙirjina. Unguwa ce guda, rana tsaka, tari yana tashi daga ƙasa yana taruwa a sama kamar hadari. Ciwon dajin da likita ya ce yana huhuna na tarar zaune a tabarma, ƙato, 'ya'ya da jikoki suna ta ɗaure kaya.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Ɗaki ya yi mana kaɗan, Iya Tasalla. Yara za su koma ƙashin baya."

"Uban wa ya ba ku?"

"Ai ba a hana mu ba."

Sai ga ni a ofis na kawo ƙara. Wata tunkiya ce a kujera, da farar riga, tana tuƙa. Gefenta ga sabon maganin nan da ake yabo a rediyo, wai ciwon kaɗai yake nufa. 'Yar farar ƙwaya ce da kwari da baka, ta harɗe ƙafa.

Na ce wa ƙwayar, "Ke, tashi ki harbe su."

Ta ce, "Ba na harbin wanda ban san asalinsa ba, Iya. Dajin nan dangi-dangi ne. In ba gidan da aka aike ni ba ne, gaisawa kawai za mu yi."

Tunkiya ta ce, "Shi ya sa muka yanki tsokar huhunki muka tura Turai a binciko."

"Tun kafin azumi! Tana ina?"

Aka kira ta a waya. Muryarta har ta yi ƙiba. Ta ce akwai sanyi amma ana ji da ita, likitoci layi suke yi su gan ta. Ni da aka yanko ta a jikina ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Na ce ta dawo ta faɗi abin da aka gano, mara mutunci. Ta ce wai wa ke magana.

Na koma ƙirji da gudu. An riga an loda amalanke. Na kwanta a bakin ƙofa na tare hanya. 'Ya'yan ciwon da jikokinsa suka riƙa tsallake ni ɗaya bayan ɗaya, kowa da "Sannu, Iya," cikin ladabi.

Ƙarar tsintsiyar 'yata Uwale ce ta tashe ni. Na ce ta ajiye sharar ta zo ta danna mini nan, ƙasan baya, inda jiya ba ya ciwo.